Furen rawaya nake so, ganyen rawaya na samu

Fulawar farko da na saya da kuɗina ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba ta mutu, kuma ni na kashe ta. Lokacin ina amarya, ɗaki ya cika da sababbin kaya, sai na ga ɗan kore kawai ya rage a kan teburin falo. A bakin titi na hango ta wajen masu sayar da fulawa a nan Kano, 'yar gajera, ganyenta masu kauri da sheƙi, kanta ya cika tam da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Farashi kawai na tambaya. Ban ce "Malam, yaya sunanta?" ba, balle in ji abin da take so da wanda ba ta so. Ƙannena masu sha'awar ajiye shuka a ɗaki, tun daga nan na fara ɓata, domin matambayi ne ba ya ɓata.

Da na zo gida na raba ta da baƙar ledar da take ciki, na juye ta a wata tukunyar tangaran mai kyau daga cikin kayan jerena. Tukunyar ba ta da huda a gindi. Na cika ta da ƙasar da na ɗebo a bayan gida, mai danƙo, irin wadda in ta jiƙe take kama takalmi. Daga nan kullum bayan sallar asuba sai na ba ta kofi guda na ruwa, da la'asar in ƙara. A ganina kulawa nake yi. Sati uku ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, suka yi laushi tuɓus. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ranar da na taɓa ta ta faɗo mini a hannu, gindin ya yi baƙi ya ruɓe, tukunyar tana warin kwata. Surukata ta leƙo ta gani, ta ce, "'Yar nan, ai ko jinjiri aka yi wa irin wannan ɗura sai ya shaƙe."

Sai daga baya na san sunanta kalankowe, kuma asalinta tsibirin Madagaska ne. Wani Bajamushe mai sana'ar tsirrai, Robert Blossfeld, shi ya fito da ita kasuwa a shekarar 1932. Ta asali jan fure gare ta, masu renon iri ne suka samar da mai rawaya da fara da ruwan hoda. 'Yar'uwa ce ga ganyen nan mai kauri da ake yar da shi a ƙasa ya tsiro 'ya'ya a gefe-gefensa. Kaurin ganyen nan rumbun ruwa ne. Shuka ce da aka halitta da guzurinta, tana jure ƙishirwa, amma jiƙon saiwa ba ta jurewa. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ƙasa ta daɗe a jiƙe iska ta ƙare, saiwar ta ruɓe, ta kasa jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar na mai jin ƙishi. Nan tarkon yake: alamar yawan ruwa da ta ƙarancinsa sun yi kama, kuma hannun mutum buta yake fara rarumowa.

Yanzu ba na duba kalanda, yatsa nake sa wa. In tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In na ji sanyi ko danshi, in bar ta. In ta bushe ƙayau, in zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar gindi, sannan in zubar da wanda ya taru a faranti, don ko ba ruɓewa sauro zai yi ƙwai a ciki. A ɗakina da bazara abin yakan kama sau ɗaya a mako, da damina kuwa takan yi sati biyu ban waiwaye ta ba. Tukunyar ƙasa ta gargajiya ta fi tangaran da roba, domin tana tsotse danshi ta jikinta, amma a huda ta. Ƙasar kuma rabi yashi rabi ƙasar lambu, da ɗan dakakken gawayi. In za a sa taki, a sa tsohon kashin shanu da ya shekara, ɗan kaɗan. Na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji, ya ƙone mini saiwa.

Ta biyu ba ta mutu ba, wulaƙanta ta na yi. Na ajiye ta a lungun falo kusa da talabijin saboda nan ta fi dacewa da labule. Ta yi ta tsawo siririya, tana karkata wajen taga kamar mai leƙen gidan maƙwabta, ganyen suna ƙanƙancewa. Da na gane haske take nema sai na yi wauta ta biyu: na fitar da ita tsakar gida a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Kwana biyu ganyen suka babbake. Shukar da ta saba da inuwa ba a jefa ta rana gaba ɗaya, a hankali ake sabar mata. Tagar gabas ita ce wurinta, ta sha hantsi ta huta da azahar, a riƙa juya tukunyar duk mako don kada ta goce gefe guda.

Amma abin da ya fi ba ni wahala, wanda mai sayarwa ba zai gaya muku ba sai kun tambaya, shi ne fure na biyu. Furen da kuka saya da shi zai yi makonni, wani lokaci har wata biyu, sannan ya bushe. Na yanke busassun, na jira. Shekara guda cur ganye kawai, kore shar, lafiya lau, fure ko ɗaya. Na ƙara taki, ganye ya ƙaru. Har na fara zargin ko fesa mata wani abu suke yi kafin su sayar.

Ashe duhu take so. Kalankowe tana cikin tsirran da ba sa ƙulla fure sai dare ya yi tsawo, kuma tsawon duhun da bai katse ba take ƙirgawa. Masu renonta a Turai rufe ta suke yi da baƙin ƙyalle, shi ya sa ake samun ta da fure a kasuwa kowane lokaci. Mu a nan da hunturu dare yakan ɗan wuce awa 12, da a ce a ƙauye take inda ba fitila, da wataƙila ta yi furenta ba wanda ya roƙe ta. Ni kuwa mun sa sola, ƙwan falo yana ci har sha biyun dare, ga talabijin. A wajenta gari bai taɓa yin dare ba.

Maganin kwali ne. Kwalin taliya na samu, na toshe ɓulolinsa. Ƙarfe 6 na yamma in kife shi a kanta, ƙarfe 8 na safe in ɗauke, awa 14 ke nan, kullum har sati shida, ruwa kuma na rage. Karon farko na ɓata lissafin da kaina, don nakan ɗaga kwalin da dare in haska fitilar waya in ga ko an samu labari. Hasken nan na ɗan lokaci yana iya mayar da hannun agogo baya. Karo na biyu na kame hannuna. Maigidan har tsokana yake yi, wai amaryar lalle ce nake lulluɓewa. Cikin sati na shida sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore kamar ƙwayar gero a kan kowane reshe. Daga nan kwali ya gama aiki. Bayan 'yan makonni suka buɗe, rawaya irin ta garin ɗorawa, na kira surukata ta zo ta gani.

Hunturu yana zuwa da ƙura, ƙurar kuma tana toshe ganye. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Kada ku shafa musu man gyaɗa don su yi sheƙi, na yi, ƙurar ta manne ta zama dauɗa. Ku riƙa duba hammatar ganye, akwai wasu fararen ƙwari da suke taruwa kamar ɓurɓushin auduga suna tsotse ruwan shuka. In kun gan su da wuri, ruwan sabulu marar ƙarfi da auduga za su share su, a maimaita bayan kwana biyar ko shida, a kuma ware tukunyar daga sauran.

Wani abu da ba wasa a ciki: ganyenta da furenta suna da guba mai taɓa zuciya ga dabbobi. Mage, akuya, tunkiya, duk a nisanta su da ita, kuma kada a zuba reshen da aka yanke a inda awaki suke kiwo. Gidan da akwai mai rarrafe, a ɗora ta inda hannu ba ya kai.

Ba sai kun sake sayen wata ba. Bayan fure ya wuce ku yanki reshe tsawon yatsa, ku cire ganyen ƙasa, ku bar shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe, sannan ku soka a yashi mai ɗan danshi. In aka dasa shi da ɗanyen ciwo ruɓewa yake yi. Cikin sati uku za ku ja shi a hankali ku ji ya riƙe ƙasa. Daga waccan ta biyu da na babbaka a rana yanzu tukwane huɗu ne a tagata, ban da waɗanda na ba ƙanwata da matar yayana. Tukunyar tangaran ɗin nan marar huda tana nan, cokula nake zubawa a ciki.