Garke a bayan gida: kariya ce daga sauro ko ƙarin cuta?

Ƴan uwa na Tawa, damina ta sauka, ga wata magana da ta daɗe tana damuna.

Ba kowane jini ke rayar da ƙwayar masassarar cizon sauro ba. Wannan ƙwayar, da ake kira Plasmodium falciparum, a jikin mutum take hayayyafa. Sauro mai ɗauke da ita in ya ciji saniya ko akuya, cizon ya tafi a banza. Ƙwayar kuma sai ta yi kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta kai yawunsa. Irin sauron da ake kira Anopheles arabiensis, wanda ya yi yawa a Sahel, yana sha daga mutum yana sha daga dabba, shi ya sa garke kan rage mana cizo. Amma wani irin sauron, Anopheles gambiae, jinin mutum ya fi so, dabbobi ba su cika ɗauke masa hankali ba.

Inda ake kuskure shi ne turke dabbobi dab da ɗakin kwana. Warinsu ya kira sauro, ya iske yara a tabarma. Ku duba sawun kofato kusa da kwamin shan ruwa: ɗan ruwan da ya kwanta ciki, tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil, kwana 7 zuwa 10 sun yi fiffike.

Wata cutar ma dabbar ce ke ƙara mata ƙarfi. Zazzaɓin Rift da ya ɓulla a Cintabaradan a 2016, a jikin tumaki da shanu yake yaɗuwa. In dabbobi suka fara ɓari da yawa, kada a taɓa da hannu, a kira likitan dabbobi.

A nesanta turke, a cike sawun da ƙasa, a kwana cikin sange.