Kafin ka sa wa tsohuwar BMW ɗinka koyiloba

Tambayar da aka fi yi min tun da na gyara ƙafafun motata ita ce wane koyiloba na sa, wato shakazoba da sifirin a haɗe da ake iya saita tsawonsu, kuma duk wanda na ce masa ban sa ba sai ya kalle ni kamar na rage masa wani abu. Motar BMW 330Ci ce, ƙirar da ake kira E46, mai ƙofa biyu, inji M54 lita 3.0, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 2000 da 2006, wato ko ƙaramar cikinsu yanzu ta kusa shekara 20 ko ta wuce. Ba filin tsere nake kai ta ba, gida ne zuwa aiki, ranar Asabar a ɗan fita a buɗe mata wuta a hanya mai kyau, wani lokaci Kaduna zuwa Abuja, shi ke nan. To ga mai irin wannan amfani ra'ayina shi ne a bar tsayin motar yadda kamfani ya yi shi, a zuba kuɗin a shakazoba mai kyau da robobi.

Bari in fara da robobin don nan ne mutane suke tsallakewa. Sai ka ga mutum ya ce motarsa tana yawo a titi ko tana ƙara kwas kwas a gargada, ya je ya sayi shakazoba huɗu an ɗaura, ya fito daga gareji ƙarar tana nan yadda take. A E46 akwai wurare uku da kusan kullum su ne masu laifi. Bushin ɗin lowa am na gaba, wato robar ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa, wanda ruwa ne a cikinsa, in ya fashe za ka ji sitiyari yana karkarwa a hannunka da ka taka birki a hankali. Sai bushin ɗin hannun baya mai riƙe taya ta tsawon mota, in ya mutu bayan motar sai ya riƙa karkata da kansa duk sanda ka ba ta wuta ko ka saki, abin ba daɗi musamman a kwana. Sai kuma robar da ke saman shakazoban baya, a cikin but take bayan kafet, ita ce mai wannan bugun da kake ji kamar an bar sifana a baya. Duka ukun in ka haɗa kuɗinsu ba su kai saitin koyiloba ko na banza ba, kuma wallahi su kaɗai sukan dawo da rabin lafiyar motar.

Tunda an shiga ƙarƙashi, a sa bakanike ya haska wurin da ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya kamu da jikin mota. E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan, musamman na shekarun farko, kuma in akwai tsaga to aikin mai walda ne da faranti na ƙarfafawa kafin a yi maganar komai. Ka sa ƙafa mai tauri a kan jiki mai tsaga, tsagar ce za ta ci gaba da buɗewa.

Yanzu shakazoba. Abu na farko, na Beljiyam. Na san jayayyar, wai na gwanjo orijinal ne sabo kuma jabu ya yi yawa, kuma a kan inji ko giya ko ƙofa na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Amma shakazoba abu ne mai ƙarewa kamar taya, mai ne a ciki da bawul da sil, wanda za a ciro maka a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa ko Panteka ko Apo daga jikin wata E46 aka kwance shi, sa'an naka ne a shekaru, wataƙila ma ya fi naka shan wahala. Danna shi da hannu a ƙasa ka ga ya taso ba ya nuna komai illa cewa akwai sauran iskar gas a ciki. Kuma akwai masu wankewa su fesa baƙin fenti, sai ka rantse daga kwali aka fito da shi.

In sabo za ka saya, zaɓin da ke da ma'ana bai wuce uku ba. Na farko Sachs, wanda yake cikin kamfanonin da ke yi wa BMW tun asali, ko Bilstein B4, duk biyun manufarsu su maido da motar yadda ta fito. Mutane na raina wannan zaɓi saboda ba su taɓa tuƙa E46 mai sabuwar ƙafa ba, abin da suka sani gajiyayya ce, sai suke zaton haka aka yi ta da laushi. Ba haka ba ne, mai ƙofa biyun ma da ƙafar sport take zuwa wadda ta ɗan fi ta mai ƙofa huɗu ƙasa da tauri, don haka in za ka yi oda ka duba da lambar chasis kar a ba ka na ɗayar.

Na biyu Bilstein B6, mai launin ɗorawa. Shi bututu ɗaya ne, fistin ɗinsa ya fi faɗi, gas ɗin yana da matsi sosai kuma an raba shi da mai, shi ya sa ba ya saurin yin kumfa in ya yi zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, tafiyar awa biyu a gargada a watan Afrilu shakazoba mai bututu biyu yakan fara sanyin jiki, shi kuwa yana nan. Illarsa a cikin gari ne, a ƙaramin gudu kana jin kowane facin kwalta a ƙugunka, in uwargida na shiga motar za ka sha magana. Kada a rikita shi da B8, kusan abu ɗaya ne amma B8 an gajarta shi don sifirin da aka rage wa tsawo.

Na uku Koni na ƙasar Holan. Akwai Koni Sport, shi ma ɗorawa, wanda ake iya saita ƙarfin dawowarsa bayan ya matsu, na gaba da ɗan murfi ake juyawa daga sama. Akwai kuma ja, Special Active, wanda bawul ɗinsa ke sakin jiki a ƙananan gargada masu saurin bugu amma ya riƙe a kwana da birki. Ni jan na ɗauka tare da sifirin na asali, kuma in za a sake tambayata a kan motar titi shi ko Sachs zan ce, B6 sai ga wanda yawancin tafiyarsa babbar hanya ce.

Sifirin kuma ku duba na baya da kyau. Motocin nan da yawa sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin zagayen ƙarshe na ƙasa ya karye ya zauna a wurinsa, ba za ka gani ba sai an ɗaga. In gefe ɗaya na baya ya fi ɗaya ƙasa, yawanci shi ne. A canza biyun tare, haka ma shakazoba, hagu da dama tare ake yi.

Batun saukar da mota, na san tana kyau, ba na musu. Eibach Pro-Kit yana sauke ta kamar milimita 25 zuwa 30, a hoto abin sha'awa. Amma wannan milimita ɗin daga tafiyar ƙafar ake cire shi, ita kuma E46 tun asali ba ta da tafiya mai yawa, da ka faɗa rami sai ƙafar ta kai ƙarshe ta doki robar tsayawa, bugun ya wuce kai tsaye zuwa tulun da ke riƙe shakazoban gaba, wanda shi ma an san shi da kumbura sama. Ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da siminti yadda ta ga dama, wani sai ka hau shi a karkace kana addu'a, ga kaskon man inji na alminiyam a ƙasa wanda ba ya lotsawa, fashewa yake. Wanda ya dage sai ya sauke, to ya sayi saiti da aka yi su tare kamar Bilstein B12, kar ya ɗora gajeren sifirin a kan shakazoba na asali, zai kashe shi da wuri. Masu yanka sifirin da injin yanka ƙarfe kuwa Allah ya shirye su.

Koyiloba na kirki irin na kamfanin KW ba shi da laifi, kuɗinsa ne mai yawa, kuma abin da kake biya shi ne damar saita tsawo da tauri wanda kai sau ɗaya za ka saita ka manta. Masu arhar da ke cika intanet da alƙawarin matakin saiti 32 su ne matsalar, sifirin mai tauri sosai a kan bawul da bai iya riƙe shi ba, motar ta riƙa tsalle, ga saman ƙarfe zalla ba roba da ƙurar hunturu ke shiga ta cinye, ga zaren notin saita tsawo da ke cijewa bayan damina ɗaya.

Taya ma ƙafa ce. 225/45 a rim 17 gefenta ya kai milimita 101, in ka koma 225/35 a rim 19 ya dawo kamar 79, wannan bambancin shi ne tsakanin ka wuce rami lafiya da ka tsaya neman mai gyaran rim.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. Notin da ke ratsa roba, kamar na ƙasan shakazoban baya, ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a jak, sai ta sauka nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin ƴan watanni. Kar ka yarda yara su matse sifirin gaba da igiya ko waya, akwai abin matse shi na musamman, in babu a garejin a aro. Daga nan kai tsaye wurin alaimen na kwamfuta mai duba taya huɗu, ka ce musu an taɓa bushin ɗin baya don su saita bayan ma, da yawa gaba kawai suke yi su karɓi kuɗinsu.