Na ga cukun da banki ke karɓa jingina a Italiya

Sayen injin niƙa ne ya kai ni arewacin Italiya, amma tun da na dawo Kano ba abin da nake ba mutane labari sai cuku. Wani ɗan'uwa ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe yana aiki a Reggio Emilia shi ya matsa. "Alhaji, ba za ka koma ba ka ga inda ake yin cukun Parmigiano ba," in ji shi. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, domin da sassafe ake aikin.

Ni cukun da na sani shi ne na Buzaye, fale-falen nan busassu da ake kawowa daga wajen Agadas. Nan kuwa curi guda ya kai kilo 40, kuma sai an haɗa madara wajen lita 550 kafin a samu guda ɗaya. Madarar shanu ce ɗanya, da gishiri, da sinadarin tumbin ɗan maraƙi mai sa ta daskare, shi ke nan. A manyan tukwanen jan ƙarfe ake dafawa, kowace tukunya ta ba da curi biyu, a tsoma su ruwan gishiri wajen mako uku, sannan a jera a kan katako har kusa da rufi. Sai ya cika wata 12 masu duba inganci za su zo da 'yar guduma suna ƙwanƙwasawa suna saurare; wanda ya yi ƙara mai kyau ne ake buga wa hatimin wuta. Wai har bankin Credem na karɓar curin nan jingina ya ba da rance, tun 1953. Raina ya sosu da na tuna nonon da ke lalacewa a rugagenmu lokacin damina don rashin wurin ajiya.

Mai wurin dattijo ne, ya rantse ba mu tafiya sai mun zauna. Ya kawo cuku iri uku, mai wata 12, mai 24 da mai 36, yana ɓantara da wata gajeriyar wuƙa, don su ba sa yanka shi. Sai ga kwalbar farar giyar inabi, Malvasia ta tsaunukan Parma. Na dafa ƙirji na ce ni Musulmi ne. Wallahi ko fuska bai canza ba. Ya janye kofina, ya aika aka kawo zuma, da wani ɗan itace mai kama da tuffa da suke kira pera, da ruwa mai gas.

Duk da haka sai da ya yi mini bayani, ɗan'uwan nan na fassarawa. Cukun yana da maiƙo da gishiri, farar giyar kuma tana da ɗan tsami, to tsamin ne ke wanke harshe a ji daɗin loma ta gaba. Sabon cuku mai ɗanɗanon madara shi ya fi dacewa da fara marar zaƙi ko mai kumfa. Tsohon cuku kuwa yakan danne ta, sai a koma ja ko mai zaƙi, ko da yake mutanen yankin sun fi sabawa da Lambrusco, ja mai kumfa. Ni dai ya ɗiga mini tsohon khal (ruwan tsamin inabi) na Modena a kan mai wata 36, tsami da zaƙi a haɗe, ga wasu 'yan tsaki-tsaki farare suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Ban taɓa cin abu irinsa ba.

Na sayi kilo ɗaya kusan Yuro 20. Na lissafa da naira na yi shiru, amma wanda ya ga wahalar ba zai ce an cuce shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kuɗin zama da gidajen abinci ke ƙarawa, coperto, ka biya abinci ka kuma biya kujera. Ciniki ma babu; na nemi ragi a wani shago matar ta dube ni sama da ƙasa.

A jirgin ƙasa zuwa Bologna wani mai duba tikiti ya wuce kowa ya tsaya kaina yana ɗaga murya, alhali tikitina daidai yake. Bologna ruwa aka yi ta yi, muka sha yawo ƙarƙashin rumfunan titi. Milan tsada da sauri. Injin kuma yana hanya ta ruwa, sai ya iso Legas.