Takardar da ta hana batiranmu hawa jirgi

A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulki, Maraɗi kowa ya koma neman sola. Mai kanti na son firijinsa ya yi ƙanƙara, mai cajin waya na son ya samu na cefane. Kawuna, da ya daɗe yana sayar da janareto da wayoyin wuta, ya ce mu ma mu shiga. Ni ne mai ɗan bokon mangazar, sai takardu suka faɗo a kaina. Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, abokan cinikinsa na Katsina suka fara tambayar batiran litiyam, muka ce to, mu yo oda mai yawa daga Sin, rabi na gida, rabi na fita.

Samfurin farko ta jirgin sama ya zo. Na jona shi na ga caji ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, na yi ta faɗa an turo mana gajiyayyen kaya. Ashe doka ce: tun Afrilun 2016 batirin litiyam da aka ɗauko shi kaɗai ba ya hawa jirgin sama da cajin da ya wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma jirgin kaya ne kawai ke ɗaukarsa, ban da na fasinja. Wannan kunyar ƙarama ce.

Babbar ta zo ne da na samo wani kamfani mai araha, na sa Kawu ya tura kuɗin kafin alƙalami. Kaya sun haɗu, sai mai yi mana lodi ya ce kwantena ba za ta shiga jirgin ruwa ba sai da takardar gwajin UN 38.3 da takardar bayanin haɗarin kaya. Ban taɓa jin sunansu ba. Na zauna na karanta, na gane cewa a idon masu jirgi batirin litiyam kaya ne mai haɗari, aji na 9, lambarsa UN 3480 in shi kaɗai ne, UN 3481 in yana cikin na'ura ko an haɗo su tare. Gwajin kuwa iri takwas ne. Ana sa batirin inda iska ta yi ƙaranci kamar a sararin sama, a gasa shi a zafi mai maki 72 a dawo da shi sanyi 40 ƙasa da sifili, a jijjiga shi, a buga shi, a haɗe bakunansa biyu, a matse ƙwayarsa (ƙaramin batirin da ke cikinsa), a cika masa caji fiye da kima, a tatse shi da ƙarfi. Duk wanda ya san hanyar da kayanmu ke bi yanzu, daga Lome ta Burkina zuwa Yamai, sannan Doso, Dogonduci, Ƙonni har gida, ya san jijjigar nan da gashin nan ba a ɗakin gwaji suka tsaya ba.

Kamfanin ya turo takarda, amma lambar samfurin da ke jiki ba ta batirinmu ba ce. Da na matsa, sai wakilinsu ya ce a rubuta "kayan gyaran wuta" kawai, kowa ma haka yake yi. Gaskiya na so in yarda, kuɗi sun riga sun fita. Na kai wa Kawu maganar bayan la'asar.

"Kawu, in muka ƙi, kafin alƙalamin ya tafi."

"Ɗana, a jirgin nan kayanmu ne kaɗai?"

"A'a, Kawu."

"To in ya kama wuta a tsakiyar teku, wa za ka ce wa ka yi haƙuri? Bar musu kuɗin."

Haka muka yi asara. Tun daga ranar ba na tambayar farashi sai na ga takardar gwajin: sunan masana'anta, sunan ɗakin gwajin, lambar rahoto, da lambar samfuri, in gwada ta da wadda ke manne a jikin batirin. Allunan sola ma ina duba shaidar ingancinsu, wato IEC 61215 da IEC 61730. Kayan da za su tsallaka ta Dan Isa zuwa Jibiya kuma, mai saye ne ke neman takardar shaidar inganci ta SONCAP a wajen hukumar ingancin kaya ta Najeriya, amma da takardunmu zai nema, don haka kwafi na ba shi tun kaya na hanya.

Takarda dai ba ta ɗaure kaya a mota. Wata rana cikin zafin Afrilu muna loda kamyo, yaron mota ya ajiye sifana a kan wani batirin ruwa da aka buɗe kwalinsa. Ƙarfen ya taɓa bakuna biyu, tartsatsi ya tashi, sifanar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, ga kwalayen litiyam jere a gefe. Da sanda direba ya ture ta. Wutar litiyam ba irin ta itace ba ce, ƙwaya ɗaya in ta ɗau zafi sai ta kunna ta kusa da ita, ana kashewa tana sake tashi.

Yanzu kowane baki sai an rufe shi da murfinsa ko salatif. Batirin ruwa, wanda ajinsa daban ne saboda asid ɗin cikinsa, a tsaye yake tafiya, ba ya kwanciya, ba ya maƙwabtaka da litiyam. Allunan sola a gefensu muke jera su da kwali a tsakani, don wanda aka kwantar aka ɗora masa nauyi yakan tsage ta ciki, ido bai gani, sai mai saye ya ga wuta ta ragu. Wanda ya kumbura ko ya lotse ba ya hawa mota ko da mai shi ya yi rantsuwa. Lodi kuma da asuba muke yi, kuma nakan roƙi direba in zai tsaya cin abinci ya nemi inuwa. Na makon jiya ya dube ni ya ce, "Alhaji ƙarami, batir ne ko amarya?" Na ƙara masa jika biyu, ya ce zai nemi inuwar.