Kada Ku Raba Aya Da 'Yan'uwanta

Ƙannena, lambobin nan da kuke gani a gefen kowace jimla cikin Littafi Mai Tsarki, ba marubutansa ne suka sa su ba. Manzo Bulus bai taɓa rubuta "sura 4, aya 13" ba. Wasiƙa ya rubuta, daga gaisuwa har sallama, domin a karanta wa jama'a. Rabon surorin da muke bi a yau ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan ƙasar Faransa, Robert Estienne, shi ya fito da su a bugunsa na shekarar 1551. Ke nan ikilisiya ta yi kusan shekara 1,500 tana karanta wasiƙun manzanni babu lambar aya. Lambobin sun taimaka ƙwarai, ba na musu. Da su ne fasto zai ambaci wuri, kowa ya buɗe nan take. Amma sun sauƙaƙa wata ɗabi'a da ta daɗe tana cutar da ni: in ciro aya guda, in rataya ta kamar laya, in manta da waɗanda ke gabanta da bayanta.

Ayar da na fi yi wa haka ita ce Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi domin mutanensa, shirin alheri ne ba na masifa ba. Lokacin na gama karatu, ina neman aiki. Na rubuta ta na manna a bango, kullum da safe ina maimaita ta. Da aka yi mini tayin wani ƙaramin aiki, na ƙi, na ce wa iyayena Allah ya shirya mini abin da ya fi wannan. Na zauna ina jira, ina kiran zaman nan bangaskiya. Da jiran ya yi tsawo sai na fara jin haushin Allah a ɓoye, kamar wanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ji ina wannan ƙorafi. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini Littafinsa ya ce, "Ɗana, karanta mini aya ta 10." Na karanta. Sai bayan shekara 70 za a cika alkawarin! Ya ce, "To, koma farkon surar."

Ashe surar wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe zuwa ƙasarsa tare da sarkinsu a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen suna ɗokin komawa gida, akwai kuma annabawa masu faɗa musu abin da kunnuwansu ke so. A sura ta 28 wani mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu komai zai wuce, har ya karya karkiyar da Irmiya ya ɗora a wuyansa. Shekarar ba ta ƙare ba ya mutu. Saƙon Irmiya bai da daɗin ji: ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku bauta, ku yi masa addu'a. Babila ba ta faɗi ba sai a 539 kafin haihuwar Almasihu, a hannun Sairus, sarkin Farisa. Yawancin manyan da aka karanta wa wasiƙar a can aka binne su, 'ya'ya da jikoki ne suka koma. Alkawarin gaskiya ne, Allah ya cika shi, amma an ba shi ga mutanen da aka umarta su kama aiki a inda ba su so. Ni kuwa da shi na fake na ƙi aiki. Surar da na ɗauka tana goyon bayan zamana, tun daga aya ta 5 take cewa in tashi.

Haka ma Filibiyawa 4:13, mai cewa ina iya yin kowane abu ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, wadda ake rubutawa a kan takardar jarrabawa da rigar 'yan wasa. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, yana yi wa mutanen Filibi godiya saboda gudummawar da suka aiko masa. Ayoyi biyu da ke gabanta suna cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. "Kowane abu" da yake iyawa ya haɗa har da kwana da yunwa ba tare da zuciya ta lalace ba. Wanda ya faɗi jarrabawa ya fi wanda ya ci bukatar wannan aya.

Ku lura kuma, iya kawo aya ba shaidar komai ba ce. A Matiyu sura 4, da Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, Zabura 91 ya jawo masa, ya ce ai a rubuce yake mala'iku za su tallafe ka. Yesu ya amsa masa da wani wurin, daga Maimaitawar Shari'a, cewa kada a gwada Ubangiji.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo ba ni kaɗai ya shafa ba. Wani abokina ya rasa ɗansa na fari. Na je gaisuwa, na tarar da shi zaune a ƙasa, takalmin yaron a hannunsa, yana ta juya shi. Shirun ya yi mini nauyi, na ga kamar wajibi ne mai bi ya faɗi wani abu. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ɗan'uwa, ka tuna Romawa 8:28, kowane abu yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah." Ya ɗaga kai ya dube ni, bai ce uffan ba, ya mayar da idonsa kan takalmin. An daɗe kafin ya faɗa mini cewa a ranar ji ya yi kamar na ce mutuwar yaronsa riba ce.

Ayar gaskiya ce, har yau na gaskata ta. Amma wasiƙar nan ta Romawa, a 12:15, ta riga ta faɗa mini abin da ake yi a ɗakin makoki: a yi kuka tare da masu kuka. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce masa kome, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa. Nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki, sun faɗi maganganu masu kama da wa'azi, wasu ma in ka ciro su kaɗai sai ka ce amin, amma a sura ta 42 Allah ya ce bai ji daɗinsu ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Yesu kansa a kabarin Li'azaru ya yi kuka, alhali ya san zai tashe shi daga matattu nan da ɗan lokaci. Ni kaina nake ragewa nauyi da ayar nan, ba abokina ba. In kun je gaisuwar mutuwa ku zauna. Ku ɗauki abin da ke bukatar ɗauka, ku koma bayan mutane sun watse, lokacin da gidan ya yi shiru. In mai makokin ya nemi Kalmar zai tambaya, kuma akwai zaburoyi irin ta 88 da aka rubuta domin wanda bai ga haske ba tukuna.

Sai kuma karatun da nake yi wa wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi shekaru in ana wa'azi a kan girman kai ko rowa, sai in leƙa gefe in ga ko wane ya zo yau, don maganar tasa ce. Mun taɓa samun saɓani da wani ɗan'uwa a ƙungiyar matasa, na kai zancensa taron addu'a, na ce a sa shi a addu'a, na kuma zayyana duk abin da ya yi dalla-dalla. Gulma ce na yi mata wanka. Matiyu 18:15 ba ta da wuyar fahimta: ka je wurinsa, ku biyu kaɗai. Sai in ya ƙi ji ne ake ƙara mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Na haddace wurin, na fara daga ƙarshe. Sarki Dawuda ma ya ji labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya husata ya yanke hukunci, sai da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin. Yanzu in wata aya ta tuno mini da sunan wani, nakan tsaya in sake karanta ta da nawa sunan.

Kada ku ce na hana haddar ayoyi. Ku haddace, za ku bukace su a daren da ba ku iya buɗe littafi. Abin da nake roƙo shi ne ku san gidan da kowace ta fito: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ke damunsu, wane irin rubutu ne. Karin Magana ba takardar yarjejeniya ba ce. A 26:4 an ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, a aya ta 5 an ce ka amsa masa. An jera su haka da gangan, don hikima ita ce sanin wadda ta dace da wawan da ke gabanka yau. Kada kuma ku yi karatun ku kaɗai kullum. Babban ma'aikacin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni 8, da littafin Ishaya a hannunsa, bai ji kunyar gaya wa Filibus cewa ba zai gane ba sai an bishe shi. Mutanen Biriya kuwa an yaba musu don sukan bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an bincika maganar Bulus, ta kowane mai wa'azi ma ana iya bincika ta, cikin ladabi.

In kuna neman wurin farawa, ku ɗauki wasiƙar Yakubu. Surori biyar gare ta, ayoyi 108 duka-duka, ba za ta ci muku rabin sa'a ba. Ku karanta ta gaba ɗaya a zama guda, da murya in da hali, kada ku ja layi a ƙarƙashin kome a karon farko. Za ku tarar da zancen harshe, da fifita mai kuɗi a wurin sujada, da ce wa mai jin yunwa "sauka lafiya" ba tare da ba shi kome ba, da riƙe hakkin ma'aikaci. Ku zaɓi ɗaya da ya shafi makon da kuke ciki, ku rubuta sunan wanda za ku je wurinsa da ranar da za ku je.