Bututun gejin mai ya yi lako-lako: yadda na ɗaure shi da yadda ake duba baƙin mai

Motar Corolla ce ƙirar 2006, mai inji 1ZZ-FE. Alamar farko danshin baƙin mai ne a jikin bulok, wato gangar jikin inji, ƙura ta manne a kai ta zama baƙar laka. Ta biyu kuma, geji, wato sandar auna mai, kullum yana nuna mai ya yi ƙasa, ana ta ƙarawa. Da na kama bakin bututun da geji ke shiga na girgiza shi, sai ya biyo hannuna kamar haƙori mai girgiɗi. Notin da ke riƙe da shi ya faɗi, kuma bututun ya ɗago daga raminsa da kusan santimita ɗaya.

Yoyon ba shi ne babbar illar ba. Tsawon bututun nan shi ke ƙayyade iya zurfin da geji zai nutse cikin kaskon mai. In bututu ya ɗago, geji ba ya kaiwa inda ya kamata, sai ya nuna mai kaɗan alhali a cike yake. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan faɗin yatsu biyu ne, kuma wannan tazarar tana ɗaukar lita 1 zuwa lita 1.5, gwargwadon mota. Ka ga ke nan ɗagowar santimita ɗaya ta isa ta ɓoye maka kusan rabin lita. Man da ya wuce ƙima kiranshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ke kaɗa shi har ya yi kumfa, famfon mai ya riƙa tura iska a maimakon mai, sil-sil, robobin da ke hana mai yoyo, su kuma su fara tsatsa. Ga ƙurar hunturu da ke samun ƙofar shiga inji kai tsaye, ba ta bi ta filta ba.

A irin wannan injin abu biyu ne ke riƙe bututun: zoben roba a gindinsa, inda yake shiga bulok, da ɗan kunnen ƙarfe a sama wanda noti mai kan lamba 10 ke ɗaurewa. Kayan aikin ba su da yawa: sifana ko soket lamba 10, sabon zoben roba, noti M6 (mai kaurin milimita 6), tsumma mai tsabta, tocila da ɗan fetur na wanki.

Na bari inji ya huce sarai. Kafin in taɓa komai na wanke kewayen gindin bututun, domin da zarar ka zare shi duk yashin da ke wurin cikin rami zai zuba. Na cire geji, na murɗa bututun hagu da dama ina ja sama a hankali har ya fito, nan take na toshe ramin da tsumma. Tsohon zoben ya bushe ya yi tauri kamar robar bokiti, ya baje ta gefe ɗaya. Wani lokaci zoben kan maƙale a cikin ramin, to a tabbata an ciro shi, kada a ɗora sabo a kan tsoho. Na tafi da tsohon zoben da bututun wurin masu kayan gyara don a gwada. Wanda ya fi kauri ba zai bari bututu ya zauna ba, siriri kuma ba zai tare mai ba, sannan robar ta zama mai jure mai da zafi. Zoben famfon ruwa na masu gyaran bututun gida na iya yin kama da shi a ido, amma mai zafi zai lalata shi.

A nan na yi kuskure ɗaya. Na sa zoben a bushe, na tura bututun, da ya ƙi shiga sai na ja shi da noti. Bakin ramin ya yanke gefen zoben, kwana biyu danshi ya dawo. A karo na biyu na shafa wa sabon zobe baƙin mai, na miƙar da bututun daidai da ramin, na danna da tafin hannu har na ji ya zauna. Shaidar ya zauna ita ce ramin kunnen ƙarfen ya zo daidai da ramin noti ba tare da an lanƙwasa komai ba. Notin a fara ɗaura shi da yatsu, sannan sifana, kuma ƙarfin bai wuce Nm 10 zuwa 13 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne). Ƙaramin noti ne, in aka matsa masa ko dai ya karye ko haƙoran ramin su cinye.

Ba kowane inji ke da zobe ba. A wasu tsofaffin injuna bututun da ƙarfi ake buga shi cikin bulok. In irin wannan ya saki, ana ɗan buɗa gindinsa da ƙarfe mai tsini, a wanke da fetur ya bushe, a shafa gam na inji siriri a bayansa, a buga shi da katako a tsakani. Gam kada ya yi yawa, don abin da ya tsattsafo ta ciki yana iya ɓallewa ya toshe ragar famfon mai. Masu Golf kuwa, wadda ta cika tashoshinmu, matsalarsu daban ce: akwai roba ruwan lemo a saman bututun da zafi ke busarwa ta farfashe. In ta karye geji kan nutse fiye da ƙima, ya nuna mai a cike alhali ya ragu, kuma wannan ƙaryar ta fi ta Corolla haɗari. Sabuwa ake sawa, a kula kada ɓaraguzan tsohuwar su faɗa ciki.

Idan an gyara kuma geji na tsalle yana fitowa da kansa, laifin ba na bututu ba ne, iska ce ta taru a cikin inji. A duba bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV: in ka girgiza shi ba ka ji ƙarar motsi a ciki ba, ya toshe. In shi lafiya lau ne, amma ka buɗe murfin zuba mai inji na aiki ka ga hayaƙi na bugowa, to ring ɗin fistin ne suka gaji.

Duba man kansa yana da ƙa'ida. Mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ba ƙafa biyu a kan kwalbati ba. Inji ya ɗumama, a kashe, a jira minti biyar ko fiye man ya gangaro. Zarowar farko ba a karanta ta: goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa, bakin gejin na kallon ƙasa don kada mai ya gangaro sama ya ruɗe ka. Ina duba fuskokin biyu in ɗauki wadda ta fi ƙasa, saboda bangon bututu kan shafa wa ɗaya mai. In za a ƙara, kwatan lita ake zubawa, a jira minti biyu, a sake gwadawa. Jar fitilar mai ta gaban direba ba geji ba ce, ƙarfin turin mai take nunawa, kuma kafin ta kama ɓarna ta riga ta soma. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwa ne ya shige shi, galibi ta gaskit ɗin kan inji. Wanda ya tsinke yana warin fetur, ko gejin na ƙaruwa ba wanda ya zuba, shi ma abin bincike ne.

Da bututun Corollar ya koma mazauninsa, mai ya haura alamar sama sosai. Na juye shi duka, na canza filta, na auna adadin da littafin motar ya faɗa na zuba, na tayar da inji minti biyu don filta ta cika, na kashe na jira. Mai ya tsaya a kan alamar sama, wato bututu da geji sun koma faɗin gaskiya. Da bai tsaya a nan ba, abin da zan fara zargi shi ne gejin na wata motar ne, don ana yawan musanya su a gareji. Daga nan na wanke jikin bulok tas, na sake leƙa gindin bututun da tocila bayan tafiyar mako guda, na same shi a bushe.