Reshe ba ya tsare abin da Git ba ya gani

A ƙarshen watan nan zan miƙa aikin kula da wakilin AI na sharikarmu a nan Jidda, wanda ke amsa wa masu Umara ta WhatsApp da Hausa da Larabci. Ƙannena da za ku karɓa, abu ɗaya nake so ya zauna muku: reshe a Git fayiloli kawai yake rabawa. Git manhaja ce mai adana tarihin sauye-sauyen fayilolin aiki, reshe kuwa layin aiki ne na gefe da ake gwaji a kai. Duk abin da wakili zai iya kai hannu gare shi a waje, reshe bai san da shi ba.

Kun san abin da ya faru a goman ƙarshe na Ramadan. A takarda an bi ƙa'ida. An buɗe reshe da git switch -c gwajin-mota, aka ƙara wa wakilin ikon sauya lokacin motar da ke ɗaukar baƙi daga Makka zuwa Madina, ba wanda ya taɓa main, wato babban reshen da ake aikin gaske da shi. Sai dai fayil ɗin .env, inda makullai suke, wato kalmomin sirrin da wakili ke shiga rumbun bayanai da WhatsApp da su, yana cikin .gitignore, jerin fayilolin da aka ce Git ya ƙyale, don haka Git ba ya bin sa. Ka sauya reshe sau goma, yana nan yadda yake, kuma makullin da ke ciki na aikin gaske ne. Aka jefa wa wakilin tambayar gwaji, ya shiga rumbun bayanan gaske, ya mayar da motar bayan Asuba zuwa bayan La'asar, ya aika wa mutane saƙo. A cikinsu akwai dattawa masu izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk a wannan ranar. Tafiyar ta haura kilomita 400. Lokacinsu ya wuce suna hanya.

Goge reshen bai ɗauki minti ɗaya ba. Saƙon da ya riga ya shiga wayar Hajiya kuwa babu umarnin da ke dawo da shi. Laifin aka ɗora wa ƙaramin cikinmu don shi ya danna, alhali buƙatar makullin gwaji na daban an rubuta ta tun kafin Rajab, mudir, wato shugaban ofis, ya ce kashe kuɗi ne. Har yau wannan na ci mini rai, yaron bai cancanci abin da aka yi masa a gaban mutane ba.

Ga yadda ake yi yanzu, kuma ina roƙonku kada ku sassauta. Kowane reshe na gwaji da nasa makulli, da lambar WhatsApp ta gwaji, da kwafin rumbun bayanai mai sunayen bogi. Duk kayan aikin wakili da ke rubutawa ko aikawa ko sokewa, a reshe ana maye gurbinsa da na wofi, wanda zai rubuta “da na aika kaza ga wane” ya tsaya nan. Farkon layin da manhajar ke bugawa idan ta tashi shi ne sunan reshe da sunan rumbun da ta haɗu da shi. In reshen ba main ba ne amma rumbun na gaske ne, ta ƙi tashi. Layuka biyar ne, da suna nan a Ramadan da ba a yi wannan magana ba.

Canji ɗaya, reshe ɗaya. Wanda ya gyara umarnin wakili, ya sauya samfurin AI ɗin, ya taɓa temperature (saitin da ke ƙara ko rage bambancin amsoshi) duk a tashi ɗaya, in amsa ta lalace ba zai san wanne ya jawo ba. Muna da tambayoyi 30 na dindindin, rabi Hausa rabi Larabci, har da masu gauraya harsunan kamar yadda mutanenmu na nan ke magana. Kowace a maimaita ta sau 5 a reshe, sau 5 a main, a jera amsoshin gefe da gefe, domin wakili ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, nasara sau ɗaya ba hujja ba ce. Ku fi zuba ido kan Hausar. Gyaran jimla guda a umarni kan sa ya koma amsa wa tsohuwa da Larabci.

Reshen da ya kwana mako, a jawo masa sabon main kafin a sake gwadawa. A kulle main, sai mutum na biyu ya karanta git diff, wato jerin abin da aka sauya, ya amince. Kafin haɗe reshe da main a sa git tag, alamar inda aka tsaya, in abu ya ɓaci a yi git revert, mai warware canji ba tare da goge tarihi ba, kada a yi reset da tura dole, masu sake rubuta tarihi, a reshen da kowa ke aiki da shi. Ba a haɗewa ranar Alhamis da yamma, don Juma'a da Asabar ba kowa a ofis. Daga 20 ga Ramadan zuwa bayan Sallah, da kuma kwanakin Hajji, saitin wakili a rufe yake, ko wa ya nema.